Matan da Suka Ciyar da Bauchi Ba Sa Cikin Tarihinta

A jikin katangar ƙasa da rumfar Goggo ta jingina da ita, ta ɓangaren murhu, akwai zane-zanen gawayi a jere kamar haƙoran matsefi. Kowane rukuni na mutum guda ne. Goggo ba ta yi boko ba, ba ta kuma rubutun ajami, amma ba ta taɓa rikita na wani da na wani ba: wannan na leburan tashar jirgi ne mai ɗingishi, wancan na yaron motar da ke bin hanyar Jos, na can ƙasa kuma na wani malamin firamare da ba ya son a san yana cin bashi. Malmala ɗaya, zane ɗaya. Idan wata ya ƙare aka biya ta, sai ta tsoma tsumma a ruwa ta goge. Idan kuma labari ya zo cewa mai zanen ya rasu, ko an sallame shi daga aiki ya koma ƙauye, nan ma tsumman take ɗauka. Na taɓa ganin ta tana gogewa tana cewa, "Na yafe masa duniya da lahira," sannan ta koma kan tukunyarta.

Rumfar tana kusa da tashar jirgin ƙasa ta Bauchi. Zana ce da rufin tsohon kwano, benci uku, randa biyu da moda, sai buta a bakin ƙofa. Ba ta da allon suna. Kowa Goggo yake ce wa mai ita, har dattawan da suka girme ta. Kawuna bakanike ne, garejinsu na nan kusa, kuma shi ya fara kai ni wurin a hutun makaranta na 1978, ina ɗan aji uku. Na san sunanta na yanka, amma ba zan rubuta shi ba, domin iyalanta ba su ba ni izini ba. Dalilin da ya sa ba su bayar ba shi ne ma ainihin abin da ya sa na zauna yin wannan rubutu.

Da asuba masa take yi. Tun daren jiya an jiƙa shinkafa an niƙo, ƙullun ya kwana ya tashi, ta zuba ɗan ruwan kanwa ta kashe tsamin, ta yanka albasa a ciki. Tandar ta yi baƙi ƙirin don daɗewa. Za ta ɗiga man gyaɗa a kowane gurbi, ta bi da ludayin ƙullu, kafin ta kai gurbin ƙarshe na farkon ya yi ja a gefe, sai ta sa ɗan siririn ƙarfe ta juya shi. Hannun ba ya tsayawa, bakin ma ba ya tsayawa: tana amsa gaisuwa, tana yi wa 'yan aikinta faɗa, tana tambayar wani jikin matarsa. Wanda ya ci masar Bauchi ta gaske ya san cikinta laushi ne kamar auduga, bayanta kuma yana ɗan ƙaras-ƙaras a haƙori. Da miyar taushe ake ci, mai kabewa da alayyafo da gyaɗa, ko kuma a barbaɗa yajin ƙuli a zuba man shanu. Hantsi na yi za a sauke tanda a ɗora babbar tukunyar tuwo. Mata biyu ke karɓa-karɓar muciya, Goggo kuma ita ke riƙe da mara, domin ba ta yarda kowa ya kwashe mata tuwo. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa ba sa yankewa. Ƙanzon gindin tukunya kuwa ba na sayarwa ba ne. Almajiran unguwar sun san lokacinsa, suna nan tsaye da ƙoƙunansu kafin la'asar.

Kawu yakan durƙusa kaɗan ya ce, "Goggo, barka da aiki, ya hayaƙi?" Ita kuma ta ce, "Hayaƙi ya bi jiki, ɗan nan. Yau ma da ɗan boko kuka zo?" Sai ta ƙara mini tsoka guda a kan wadda aka biya, ta ce gyara ce ta masu karatu.

Na yi shekaru ina ɗaukar wannan duka a matsayin ƙuruciyata kawai. Sai da na girma na fahimci cewa tarihin garin Bauchi na kusan shekara talatin a kan waɗannan bencina uku ya bi ya wuce. Layin dogon da ya taso daga Kuru ta kusa da Jos ya iso Bauchi a 1961, ya kai Gombe a 1963, ya dangana da Maiduguri a 1964. Jirgi ya zo da leburori, da masu gyaran layi, da akawuna, da 'yan dako masu loda gyaɗa da auduga da fatu, mafi yawansu baƙi ne da ba su da murhu a garin. Waɗannan ne masu sayen Goggo na farko. A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta raba Jihar Arewa maso Gabas, Bauchi ta zama babban birnin jiha. Ma'aikata suka kwaso daga Maiduguri, da yawansu sun bar iyali a baya saboda babu gidajen da za su ɗauke su. Kafin a farga ga kamfanin Steyr mai haɗa taraktoci da manyan motoci, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 1979, ga jami'ar fasaha a 1980, wadda daga baya aka sa wa sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gari ya cika da magina, da kafintoci, da masinjoji, da direbobi, da ɗalibai. Duk wanda ya rubuta labarin waɗannan shekaru zai lissafa gwamnoni, daga Muhammad Bello Kaliel zuwa Abubakar Tatari Ali, ya lissafa gine-gine da tituna. Ban taɓa cin karo da wanda ya tsaya ya tambaya ba: mutanen da suka yi wannan aiki, wa ya dafa musu? Birkila ba ya ɗora bulo da yunwa. Sakatariya ba ta ginu da takardar kwangila kaɗai ba. Akwai mata a bakin tasha, da Wunti, da bakin babbar kasuwa, da Yalwa, waɗanda suka riƙa tashi tun kafin kiran assalatu don gari ya samu abin karyawa, kuma suka riƙa ba da bashi ga mutanen da babu bankin da zai kalle su.

A bencin Goggo na fara jin harsunan da ba Hausa ba. Bajari da Basayi da Bagere, Bafulatani mai kawo shanu, Babarbare ɗan kasuwa, Batangale ma'aikacin jirgi, Bayarabe mai gyaran lantarkin mota, Inyamuri mai sayar da kayan gyara, duk a kwano iri ɗaya suke ci, da moda ɗaya suke sha. A nan ake jin farashin gyaɗa, a nan ake sanin inda ake ɗaukar lebura, a nan baƙon da ya sauka daga jirgi da dare yake samun wanda zai nuna masa masauki. Lokacin zaɓen 1979 musu kan jam'iyyun NPN da PRP da GNPP yakan yi zafi har Goggo ta buga mara a bakin tukunya ta ce duk mai son faɗa ya ajiye mata kwanonta tukuna. Muna alfahari, kuma da gaskiyarmu, cewa a Bauchi ne su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi zauren tattaunawa a shekarun 1940, inda 'yan boko suka fara yi wa mulkin En'e tambayoyi. To talaka ma yana da nasa zauren, kuma a irin wannan rumfa yake.

Yadda rumfar ta mutu ma tarihi ne. Bayan SAP, tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnati ta kawo a 1986, kuɗi suka lalace, malmala ta ƙanƙance, zanen gawayi ya yi ta tsawo a bango ba a gogewa. Jirgi ya riƙa jinkiri har zuwansa ya zama labari. Rikicin 1991, wanda ya taso daga garin Tafawa Ɓalewa ya shigo cikin Bauchi, ya raba mutanen da suka shekara goma suna zama kafaɗa da kafaɗa. Wasu fuskokin ban sake ganin su a bencin ba. A 1996 aka yanke Jihar Gombe, wasu tsofaffin masu sayenta suka tattara suka koma gida. Goggo ta tsufa, idanunta suka gaji da hayaƙi, ta rasu. Mai filin ya sayar, aka rushe katangar da zanenta. Yau shaguna ne a wurin, ana sayar da waya ana cire kuɗi. Na tambayi samari uku da ke zaune a gaban shagunan ko sun san an taɓa sayar da tuwo a nan. Ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne. Babu wanda ya gaya musu.

Mu mutanen Bauchi ba mu jahilci tarihi ba. Yaron makaranta zai gaya maka Malam Yakubu ne ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa garin nan. Zai lissafa maka Ƙofar Ran, da Ƙofar Wunti, da Ƙofar Nassarawa, da Ƙofar Wambai, da Ƙofar Dumi. Dattawa suna tuna zamanin Sarki Adamu Jumba da na Sarki Sulaimanu Adamu. Baƙo in ya zo mukan kai shi kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ga kayan da marigayin ya yi amfani da su an adana, daga nan mu wuce da shi Yankari ya yi wanka a Wikki. Duk wannan daidai ne, ina kuma son a ƙara kula da shi. Amma tarihin da muke riƙewa na masu rawani ne da masu muƙami. Baƙon nan da muka zagaya da shi, abin da zai fi yawan faɗa in ya koma gida shi ne masar da ya ci. An san Bauchi da masa a duk faɗin Arewa, har a Abuja da Kaduna za ka ga an rubuta "masar Bauchi" a allo don a ja masu saye. Sunan garin ne ya tafi. Matan da hannunsu ya jawo wannan suna, ko guda ɗaya ba mu ajiye labarinta a inda jikokinmu za su same shi ba.

Na daɗe ina zaton sakaci ne kawai. Bara na gane abin ya fi haka zurfi. Na nemi wani jikan Goggo, mutum mai ilimi da rufin asiri, ma'aikaci babba. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, muka gaisa, aka kawo ruwa. Da na faɗi abin da ke tafe da ni sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Yaya, don Allah a bar maganar nan. Hajiya ta riga mu gidan gaskiya, addu'a take buƙata. Yaranmu ba su ma san ta yi wannan sana'a ba." Ban ja da shi ba, kuma ban ga baƙinsa ba, domin na san daga inda maganar ta fito. A ƙasar Hausa "mai tuwo-tuwo" ba kirari ba ne. Mun taso muna jin ana faɗar kalmar da ɗan yatsine, kamar duk macen da ta fito bakin tasha ta kafa tukunya akwai abin da take ɓoyewa. Ana yi wa yaro gori da ita a makaranta. Ana bincikenta in an zo neman aure. Saboda haka ɗan da aka biya wa kuɗin makaranta da cinikin tuwo, in ya zama wani abu, abin da zai fara binnewa shi ne tukunyar da ta ɗauke shi.

Wannan gori zalunci ne, kuma lokaci ya yi da za mu kira shi da sunansa. Mafi yawan matan nan zawarawa ne da waɗanda mazansu suka rasu suka bar su da marayu. Zaɓin da ke gabansu shi ne bara, ko zaman jiran ɗan'uwan da shi ma bai ƙoshi ba, ko wuta da hayaƙi. Suka zaɓi wuta da hayaƙi. Goggo da cinikin nan ta aurar da 'ya'ya, ta yi adashe ta sayi fili, ta sauke farali, ta riƙe 'ya'yan dangi da ba ita ta haifa ba. Hadisi ingantacce ya nuna babu abincin da mutum zai ci da ya fi wanda ya samu da aikin hannunsa. Muna karanta wannan a islamiyya, mu fito mu raina wadda ta yi aiki da shi shekara talatin. Idan attajiri ya gina masallaci muna sa sunansa a allo. Matar da ta ciyar da almajirai kullum ta Allah, ta yafe bashin mamata, mun bar jikokinta suna jin nauyin ambaton sana'arta.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a ido. Wani abokina ya ce begen da ne kawai ke damuna: rumfunan nan akwai ƙuda, akwai kwata a gefe, kwano ɗaya mutum hamsin, kuma gari ba zai tsaya cak don wani yana kewar miyar kuka ba. Akwai gaskiya a ciki. Na ga ƙudan da idona, kuma hayaƙin itacen nan shi ya ci idanun Goggo. Ba na yi wa kowace mace fatan ta ƙare haka. Ina son tituna masu faɗi, ina son gidan abinci mai famfo da gas. Ba cewa nake a bar zana da tsohon kwano a tsakiyar birni ba. Abin da nake cewa shi ne rushe gini daban, shafe labari daban. Ana iya faɗaɗa hanya a kuma ɗauki hoton abin da ke wurin kafin katafila ta iso. Ana iya sabunta kasuwa a kuma ware wa masu abinci wuri mai ruwa da magudana a cikin zanen tun farko, maimakon a tashe su su koma raɓe-raɓe a bakin kwalbati, a dawo kuma ana cewa su ne ƙazanta. Wanda ke da shago da takarda yakan samu diyya ko canjin wuri. Mai rumfar abinci yawanci ba ta da takardar komai, don haka ba ta cikin lissafi, alhali ita ce ke ciyar da masu shagunan da leburorin da ke aikin titin.

Aikin adana labarin kuwa ba ya jiran gwamnati. Kusan kowane gida yanzu akwai wayar da ke ɗaukar murya da hoto. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lokaci. Wanda ya yi lebura a tashar jirgi a shekarun 1960 yana saurayi, yau ya haura tamanin in yana raye. Duk jana'izar da muka halarta ta irin waɗannan dattawa, da sunayen unguwanni na da, da farashin kaya, da labarin wa ya fara sayar da me a ina, muke binnewa tare da su. Ɗalibanmu na jami'o'i da kwalejojin ilimi, a nan cikin gari da Azare da Kangere da Gaɗau, duk shekara suna neman abin da za su yi bincike a kai, da yawa kuma su ƙare da kwafe abin da wani ya kwafa. Me zai hana malami ya tura ɗalibi unguwarsu, Jahun ko Kobi ko Ilela ko Bakaro, ya zauna da tsofaffi biyar ya rubuto tarihin masu masa da masu tuwon unguwar? Gidajen rediyonmu suna da filayen da ake hira da manya. Rabin awa a mako ga tsofaffin masu sana'a ba zai gagara ba, kuma na tabbata za a saurara fiye da yadda ake zato. Takardun Turawan mulki suna can a ajiye a gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House, mai bincike zai same su ko bayan shekara hamsin. Muryar tsohuwa ba ta da irin wannan ajiya.

Sai dai duk wannan ba zai yiwu ba in 'ya'ya da jikoki ba su buɗe ƙofa ba. Su nake roƙo fiye da kowa. Likita ko lauya ko babban sakatare da ya san da kuɗin masa aka saya masa littafin farko, ya zaunar da 'ya'yansa ya gaya musu. In mutum uku masu daraja a garin nan suka fito suka ce "uwata tuwo ta sayar, da shi na yi karatu," gorin zai fara mutuwa, sauran ma za su samu bakin magana.

Makonni biyu da suka wuce aka yi mini kwatancen wata tsohuwa da ta yi wa Goggo wanke-wanke tun tana budurwa. Na same ta a zaure a kan tabarma, idanun sun yi rauni amma kan garau yake. Na durƙusa na ce, "Inna, ina wuni. Ni ne yaron da bakanike ke zuwa da shi." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan bokon nan mai tsoron yaji?" Na nemi izini na kunna wayata, ta ce in kunna. Ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba: Goggo daga wani ƙauye ta wajen Dass ta shigo Bauchi bayan rasuwar mijinta, da goyo a baya da yara biyu a hannu, kuma da aron tanda ta fara, tana biyan mai ita da masa biyar kullum. Ta ce sirrin miyar taushen shi ne ba a saka gyaɗar sai kabewa ta narke, kuma daddawar daga hannun mace ɗaya ake karɓo ta duk tsawon shekarun. Ta ce ranar da aka rushe rumfar ta je ta tsaya daga nesa, ta roƙi wani lebura ya miƙo mata muciyar da aka jefar. Ta aiki jikarta ɗaki ta ɗauko. Itacen ya yi santsi, wajen riƙon ya lotsa daidai tafin hannu.

Mun yi awa ɗaya da minti goma kafin ta gaji. Da zan tashi ta ce akwai wasu rumfuna huɗu a layin da na manta, ɗaya ta wata Bayarabiya mai dafa wake, kuma ta san inda 'yar ɗaya daga cikinsu take aure a Yalwa. Ta ce in dawo ranar Asabar bayan la'asar, in zo mata da goro fari.